Kwali A Kan Kanta, Littafin Hausa A Ƙarƙashin Gado

Na san da yawanku kun leƙo ne don ku ga ci gaban labarin da muke tafe da shi, to ku yi mini afuwa, wannan makon na ajiye shi gefe guda. Akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙoshi tun watan jiya, na yi haɗiya na yi haɗiya ta ƙi wucewa. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka yau zan faɗe ta. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, ni ma mai faɗar ban fita daga cikin laifin ba.

Jere muka je na ɗiyar yayata, a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin nan na bayan gari a nan Kano. Yarinyar nan a hannuna ta tashi, a ɗakina ta koyi karatun Hausa, tun tana haɗa kalma ɗaya-ɗaya har ta kai in na rubuta babi ita ce ke fara karantawa ta gaya mini inda na yi tuntuɓe. Gida ya yi kyau, ba a magana. A falo kuwa ango ya sa kafinta ya kafa wata doguwar kanta fara ƙal, daga ƙasa har rufi, hawa shida, kowane hawa da 'yan fitilunsa. Da na gan ta sai da na ji wani sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi, ashe gidan masu karatu za mu kawo 'yarmu.

Yanzu kun san an daina barin gwaggonni da innoni su yi jere su kaɗai, sai an ɗauko mai tsara ɗaki an biya ta. Tamu wata matashiya ce mai fara'a, da wayarta a hannu tana duba hoto tana ba da umarni. Can sai ta sa aka buɗe wani katon kwali, ta shiga fito da littattafai manya-manya, baƙaƙe da farare, masu rubutun ruwan zinare. Ni kuma da ba na iya ganin littafi in wuce, na miƙa hannu na ɗauki guda. Jama'a, sai na ji shi sakayau kamar audugar rimi! Na juya nan na juya can in buɗe, babu wurin buɗewa. Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai ba na karantawa ba ne, na ado ne." Ashe fankon kwali ne aka yi masa siffar littafi, aka rubuta masa sunayen kamfanonin turare da jakunkuna na ƙasar Faransa a gadon baya.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga yara sun shigo da wata jakar bakko niƙi-niƙi, suna tambayar inda za a kai. Na gane jakar tun daga nesa. Littattafan amarya ne na Hausa, waɗanda ta yi shekara fiye da goma tana tarawa da kuɗin tara da kuɗin kitso, har da nawa da na sa mata hannu a ciki. Mai tsara ɗaki ta zuge zif ta leƙa, ta yamutsa fuska ta ce, "Ku kai sito, ko a tura ƙarƙashin gado. Waɗannan za su ɓata mini tsari." Na ce, "'Yar nan, kanta ce fa ta littafi, ga kuma littafi." Ta ce, "Hajiya, amarya ce da kanta ta zaɓi wannan hoton." Bayan sati biyu da na koma ganin ɗaki na tsare amaryar da tambaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, kin san abokan aikinsa za su riƙa shigowa falon."

Wannan amsar ita ce ta hana ni barci. Ban ga laifin mai tsara ɗaki ba, sana'arta take yi, abin da aka nuna mata a waya shi ta kwaikwaya. Amsar 'yata ce ta yi mini ciwo, domin gaskiya ta faɗa. Kunya take ji a ga littafin Hausa a falonta, kuma ba ita kaɗai ba ce. Mu duka muka koya mata.

Kada wani ya ce ai marubuciyar nan gaba take yi da ado. Wace ni! Bahaushiya da ado aka san ta tun kafin a haifi kakar mai tsara ɗaki. Iyayenmu sun yi jeren ƙorai da tasoshi, aka zo zamanin langa da fanteka da samira, aka zo na tangaram a cikin kabet mai gilashi. Amma ku tuna, duk kwanon da ke cikin jeren nan kwano ne na gaskiya. Ranar suna a sauke shi a zuba abinci, maƙwabciya ta aiko aro a ba ta, ranar da talauci ya ƙwanƙwasa ƙofa a ba dillaliya guda biyu ta sayar a rufa asiri. Jeren uwata ado ne, kuma asusu ne. To shi fankon kwalin nan ranar me zai yi? Ba a karanta shi, ba a ara, ko gara ma in ta ci ba za ta ƙaru da komai ba. An ce fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

Tun daga ranar nan na shiga lura da kantocin falon mutane duk gidan da na shiga, barka ko gaisuwa ko zumunci. Na ga iri uku. Na farko shi ne na kwali, wanda na ba ku labari. Na biyu na littattafan Turanci ne na gaske, amma an jera su bisa launi, jajaye gefe guda, shuɗɗa gefe guda, har wani gida na ga an juya su baki waje don launin takardar ya dace da na labule. Wanda ya juya sunan littafi ya fuskanci bango ai ya riga ya gaya maka ba shi da niyyar nemansa. Na uku kuwa shi ya fi ba ni tsoro, kuma da ladabi nake faɗa: manyan littattafan addini, irin su Fathul Bari da tafsirin Ibn Kasir, mujalladi bayan mujalladi, an jera su yadda sunan zai haɗu ya karantu a gadon bayansu, amma har yau suna cikin ledar da aka sayo su da ita. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa mallakar kanta ba. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a cikin gafaka yake ajiye su ya rataye a bango, gefen kowane shafi ya yi baƙi saboda yawan buɗawa. Ku gaya mini, tsakanin gafakar nan da waccan kantar, wacce ta fi girmama ilimi?

Abin da ya haɗa kantocin nan uku shi ne babu littafin Hausa ko ɗaya a kansu. Kuma ba don masu gidan ba sa karantawa ba. Ni na sani, domin ni ake kira a waya da tsakar dare ana tambayata yaushe na uku zai fito. Hajiyar da ta jera kwalaye a falo, ku shiga uwar ɗakinta ku ɗaga katifa. Ma'aikacin da ya jera Turanci bisa launi, da littafin ƙanwarsa ya koyi rubuta wasiƙar soyayya. Muna ci a ɓoye muna goge baki.

Ina wannan kunyar ta samo asali? Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 mun san ta. A tsakiyar littafin lissafi muke cusa labari mu karanta, in malama ta kama ta yaga a gaban aji. A shekarun nan ne malaman jami'a suka raɗa wa abin da muke yi suna "adabin kasuwar Kano", suna kwatanta shi da 'yan ƙananan littattafan Turanci da aka yi yayi a kasuwar Anacha, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu, wasu na cewa ba adabi ba ne, yayi ne zai wuce. Aka zo 2007, gwamnatin Kano ta wancan lokacin, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Yarinyar da ta tsaya a layi ranar nan tana kallon hayaƙi, yau ita ce uwar gida mai 'ya'ya huɗu. An koya mata darasi, ta kuwa riƙe: littafin Hausa abin ɓoyewa ne. Wutar ta mutu tun tuni, amma ga tokarta nan a falon 'yata.

Abin takaicin shi ne kunyar ba ta tsaya a kanmu 'yan kasuwa ba, ta shafi har waɗanda kowa ya yarda magabata ne. A gida nawa kuka taɓa ganin Ruwan Bagaja na marigayi Abubakar Imam a falo, littafin da aka buga tun 1934? Ina Ganɗoki na Bello Kagara, ina Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da ya zama Firayim Ministan ƙasar nan? Ina Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, wanda duk ɗan bokon Arewa ya sha nononsa? Ina So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da ya fito a 1980 ya buɗe mana ƙofa mu mata? Waɗannan ba wanda ya taɓa ƙona su, ba wanda ya kira su 'yan kasuwa. Laifinsu ɗaya, da Hausa aka rubuta su. Da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, ƙarƙashin filo aka ajiye shi. Da Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012, sai ga shi ya cancanci hawa kanta. Labari ɗaya, marubuciya ɗaya, riga kawai aka sauya masa.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a ido. Na farko, wai littattafan namu ba su da kyan gani, sirara ne, ba sa iya tsayuwa da kansu, ba su da gadon bayan da za a rubuta suna. Wannan gaskiya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Bari in gaya muku dalili. Mu ba mu da kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu. Marubuciya ita ke tara kuɗinta, ko ta sayar da ɗan kunnenta, ta kai wa mai buga rubutu a kwamfuta, ta sayi takarda mafi araha irin ta jarida, a buga a naɗe biyu a ɗinke tsakiya da 'yar waya. Dalilin da ya sa ake raba labari na ɗaya da na biyu da na uku kuwa, kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu, sai ɗan kasuwa ya sayar ya ba ka ake komawa maɗaba'a. Talauci ne ya hana littafinmu ƙashin baya. Amma wannan ciwo ne mai magani. Masu ɗaure wa ɗalibai kundin digiri suna nan birjik a bakin kowace jami'a da kwaleji. Ki haɗa na ɗaya da na biyu da na uku ki kai musu, su ɗinke su wuri guda, su sa bango mai tauri, su rubuta sunan littafi da na marubuci da ruwan zinare. Sai ga shi ya tsaya da ƙafarsa, ya fi kwalin Faransa kwarjini, kuma in an buɗe akwai abu a ciki.

Na biyu, wai a cikin littattafan akwai na banza, masu ɓata tarbiyya, ba za a ajiye su inda yara ke gani ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ban musa ba. Akwai waɗanda ni kaina ba zan bari su kwana a gidana ba. To amma wa ya ce a jera duka? Ai amfanin kanta ke nan, zaɓe. Abin da ka ɗora a fili ka tsaya masa ke nan, ka ce wannan na karanta, na yarda ɗana ya karanta. Ɓoyewa ce ma ke haɗa mai kyau da maras kyau a jaka guda, yaro ya laluba ƙarƙashin gado ranar da ba kya nan ya ɗauki wanda hannunsa ya faɗa a kai. Kuma masu wannan magana, sun tace abin da ke cikin wayar da suka saya wa 'yarsu?

Na uku, wai zamanin takarda ya wuce, yanzu komai yana waya. Haka ne, mu kanmu yawancinmu mun koma can, a WhatsApp da Wattpad ake sakin labari shafi-shafi, a YouTube ake sauraro. Amma wa ya gaya muku intanet rumbu ne? Zaurukan Yahoo da marubutan Hausa suka yi shekaru suna tafka muhawara a cikinsu, kamfanin ya rufe su gaba ɗaya a 2020. OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka zuba littattafansu suna sayarwa, ya rufe a ƙarshen 2023. Waya kuwa a faɗa ruwa, a sace a cikin adaidaita sahu, ta cika a goge. Wanda ya tsira ma sai ka gan shi yana yawo an cire sunan mai shi an sa na wata. Takarda da duk rauninta, in ka ɗaga ta daga ƙasa ka raba ta da danshi, za ta ga jikokinka.

Yanzu bari in zo kan nawa laifin, don kada a ce ina nuna wa mutane yatsa na manta sauran huɗun ni suke kallo. Littafina na farko, kwafi 3,000 na buga, ya ƙare aka sake bugawa. Na ajiye guda goma a cikin kwali a ƙarƙashin gadona, ni ma ɗin dai ƙarƙashin gado. Wannan ta zo aro, waccan ta zo aro, muka tashi daga gidan haya zuwa wani, damina ta shigo ta ƙasan ƙofa wata shekara, gara ta ƙarasa sauran. Ban damu ba, ina ganin ai yana kasuwa. Shekara uku da suka wuce wata ɗaliba ta zo har gida, tana rubuta kundinta a kan littattafaina, ta ce, "Mama, don Allah ki taimaka mini da na farkon, na zagaye kasuwa ban samu ba." Na shiga ɗaki na zazzage komai. Babu. Mai maɗaba'ar ya rasu, faranten bugun an sayar wa 'yan gwangwan tun tuni, mai kwamfutar da ya buga mini ya ce injin ya ƙone. Ni da na haifi littafi ba ni da shi.

Sai da na yi wata biyu ina cigiya kafin a kwatanta mini wani dattijo da ya taɓa yin sana'ar ba da hayar littattafai a cikin gari. Ya daina, yanzu cajin waya yake yi, amma ya ce, "Hajiya, bari in duba miki buhu." A ƙasan buhu na uku muka same shi, bango ya rabu, wani ya yi lissafin bashi a shafin farko, shafi huɗu na ƙarshe babu. Ya ce sauran buhunan da ya rage masu ƙosai da masu tsire ya sayar wa a kan kilo. Na karɓa da hannu biyu ina hawaye. Har yau da nake wannan rubutu ban tuna daidai yadda na rufe labarin nan ba, na san dai wa ya auri wa, amma kalmomin sun tafi.

Ku auna wannan da dubban littattafan da aka buga a Kano da Kaduna da Zariya da Gusau da Katsina tun daga tsakiyar shekarun 1980. A cikinsu akwai yadda muka yi zance, da yadda muka yi kishi, da kuɗin sadaki, da sunayen atamfofi, da karin maganar da yaran yanzu ba su taɓa ji ba. Wanda zai rubuta tarihin matan Arewa na wannan zamani ba zai same shi a takardun gwamnati ba, a nan zai same shi. Allah ya saka wa irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da suka tsaya mana lokacin da ake jifa, suka kuma tara abin da suka iya tarawa. A Landan ma Farfesa Graham Furniss ya tara ɗaruruwan littattafanmu a makarantar SOAS, an yi musu rajista ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa na Anacha da aka kwatanta mu da su, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ci kasuwarsu, yau mai son ganinsu da yawa sai ya nemi ɗakunan karatu na ƙasashen waje, irin na Jami'ar Kansas a Amurka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar da jikata za ta nemi biza don ta karanta abin da kakarta ta rubuta a Kano, wa za mu zarga? Bature ya ɗora namu a kan kanta, mu mun ɗora fankon kwalinsa.

Shi ya sa nake cewa maganar kantar falo ba ƙaramar magana ba ce. Ɗakin karatu na gwamnati ba zai iya tara komai ba. Rumbun adabin kowace al'umma gidajen mutane ne. Littafin da ke kan kanta ana ganinsa kullum, ana kaɗe masa ƙura, in ya ɓata a sani a yi cigiya. Wanda ke cikin bakko kuwa sai ranar tashi ake tunawa da shi, ranar kuma an makara. Sannan yaron da ya tashi yana ganin harshen uwarsa a jere a falo, kusa da Larabci da Turanci, ba sai an yi masa lacca a kan kishin harshe ba. Wanda ya tashi yana ganin ana tura shi ƙarƙashin gado in an yi baƙi, shi ma ya gama ɗaukar darasinsa.

To ga tawa shawarar ga mai son ƙawata kanta, kyauta na ba ku ba sai kun biya mai tsara ɗaki ba. Kada hawan ƙasa ya taɓa daɓe, a ɗaga shi kamar taƙi guda saboda ruwa da gara. Kada a jingina ta da bangon da ke tsotsar danshi da damina, a bar 'yar tazara iska ta riƙa wucewa. A nisanta ta da tagar da rana ke dukanta, domin takardarmu ta jarida ce, rana na mayar da ita ja ta riƙa karyewa. In da hali a sa ƙofar gilashi saboda ƙurar hunturu, a jefa 'yan ƙwayoyin kafur a lungu saboda kyankyaso. Alƙur'ani da littattafan addini su hau can sama, inda ya dace da su, amma a cire musu leda a riƙa saukewa. Na Hausa su zauna daidai ido. Waɗanda ba a ɗaure ba a kwantar da su biyar-biyar, ko a jingina guda biyu uku suna kallon falo, ai zanen bangon In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kaɗai ya isa tayar da hira. Na yara a hawan ƙasa inda hannunsu zai kai. In ana son abin ado a tsakani, ga tasar kaka, ga faifai mai launi, ga gafakar Malam. Sannan a sayi ɗan littafin rubutu na naira kaɗan a ajiye a gefe, duk wanda ya ara a rubuta sunansa da rana, ko da surukarki ce. Aro ba tare da rubutu ba shi ya cinye rabin adabin Hausa.

Mu kuma marubuta, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk wanda ya buga littafi ya ware kwafi biyar ya ɗaure su da bango mai tauri, ya ajiye biyu, ya ba 'yan uwa biyu a gidaje daban-daban, ya kai ɗaya ɗakin karatu. Masu rubutu a waya, in labari ya ƙare ku fitar da shi a takarda ko da kwafi ɗaya ne. Masu hali a cikinmu su daina raba labari gida huɗu, su buga shi dunƙule da suna a gadon baya, kamar yadda Rahma Abdulmajid ta yi da Mace Mutum. Ba za mu riƙa buga abin da ba ya iya tsayuwa ba sannan mu yi fushi don an kwantar da shi.

Game da 'yata kuwa, ban yi mata faɗa ba. Na sa aka ɗauko mini jakar daga sito, na tarar har ɓera ya fara yi wa na sama ƙarin kumallo. Na zauna na ware, na zubar da na zubarwa, na kai sauran wurin masu ɗauri a bakin jami'a. Mujalladi 23 suka fito, korra da ruwan zinare. Na kai mata na ajiye a tsakar falo na ce, "Ga kayanki nan, ki kai su inda kika ga dama." Da na koma makon jiya na tarar ta jera su, amma a hawan ƙasa, can gefen da kujera ta kare. Kwalayen Faransa suna nan a sama daidai ido, fitila na haska su. Ban ce komai ba. Sai dai da zan fito na lura akwai giɓi a jeren, mujalladi ɗaya ba ya nan. Na tambaya, ta yi murmushi ta ce, "Shi ne ya ɗauka, Anti, yana mota. Wai in an tsaya a cunkoso yake dubawa."

To, daga ƙarƙashin gado zuwa hawan ƙasa ma tafiya ce, saura hawa biyar. Ku kuma da kuke karanta wannan, kafin ku rubuto mini raddi, don Allah kowa ya fara durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin gadonsa, ya ga abin da gara ta rage masa. In an samu mai littafina na farko da shafukansa huɗu na ƙarshe, ina cigiya, kuma zan biya ko nawa ne.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya.